Kulle ya rufe ƙofa, amma wa ya hana mu kira?

Kwanan baya muna zaune ana tuna zamanin korona, sai wani abokina ya ce, "Ai kullen nan ne ya kashe zumunci. Tun daga lokacin kowa ya kama gabansa, har yau ba mu dawo daidai ba." Duk waɗanda ke wurin suka gyaɗa kai. Wani ma ya ƙara da cewa akwai 'yan uwansa da rabonsa da jin muryarsu tun kafin a rufe gari.

Maganar ta tsaya mini a rai har na koma gida. Na sha jin ta, kuma duk lokacin da aka faɗe ta sai a karɓa hannu bibbiyu, kamar ba ta buƙatar hujja.

Ni dai ban yarda ba. Dokar kulle ta hana fita, ta hana ziyara, ta hana taro, wannan kowa ya sani. A farkon watan Afrilun 2020 kusan rabin mutanen duniya suna ƙarƙashin wani nau'i na dokar zaman gida. Amma babu ƙasar da ta kafa dokar hana mutum ɗaukar waya ya kira ɗan uwansa. Abin da kulle ya ɗauke mana shi ne haɗuwar da take zuwa da kanta, a wurin aiki, a hanya, a taro. Ya bar mana zumuncin da sai mutum ya yi niyya ya ƙulla shi, kuma a nan ne da yawanmu muka gaza.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, abin da ke riƙe mutane a irin wannan hali ƙaramin abu ne ƙwarai. Ka ware mutum ɗaya, ka kira shi ya ji muryarka, a lokacin da ya san za ka kira, sannan ka maimaita.

Na ce "muka gaza" domin ina ciki.

Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, da ke zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta. 'Ya'yanta duk suna nesa. Muna da zauren WhatsApp na dangi, mu sama da arba'in, kuma tana ciki. A makonnin farko na kulle zauren nan bai taɓa yin shiru ba. Da sassafe hoton furanni da barka da safiya, da hantsi bidiyon wani da aka ce likita ne, da rana alƙaluman waɗanda suka kamu, da dare gardama kan inda cutar ta samo asali. Sai in tashi daga barci in tarar da saƙonni sun taru fal. A zuciyata ina cewa lallai danginmu sun riƙe juna.

Wata rana ina neman lambar wani sai idona ya faɗa kan sunanta, na danna kira ba don wani dalili ba. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗauka. Muryar da na ji ta shaƙe, tana jan numfashi tsakanin kalma da kalma.

"Goggo, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ashe kana nan."

Sai da na matsa mata sannan ta ce kwananta tara a kwance. Ba korona ba ce. Ƙafarta ce ta kumbura, ko bakin ƙofa da ƙyar take kaiwa, kuma maganin hawan jininta ya ƙare kwana huɗu da suka wuce. Na ce, "Goggo, me ya hana ki faɗa a zaure?"

Ta ce, "Ina ganin hirarku, ina jin daɗi. Ban so in katse muku ba."

Mu sama da arba'in, kwana tara cur. Kowannenmu yana ganin alamar ta buɗe saƙo, kowa ya ɗauka tana nan lafiya. Har yau idan na tuna wannan amsar tata sai na ji wani abu ya tokare ni a ƙirji.

"Ai zumunci a ƙafa yake"

Wannan ce magana ta farko da ake jefo mini, kuma gaskiya ce. Babu kiran da zai maye gurbin zama kusa da mutum. Waya ba ta riƙe hannun mara lafiya, ba ta share hawayen wanda aka yi wa rasuwa. Duk wanda ya yi bankwana da mahaifinsa ta fuskar waya, ma'aikaciyar jinya na riƙe masa ita a bakin gado, ba ya buƙatar a gaya masa wannan. Ya faru da mutane da yawa a 2020, kuma ba zan raina wannan raɗaɗi ba.

Amma mu tsaya mu duba abin da ƙafar take kai wa wanda aka ziyarta. Idan ka tashi ka je wurin mutum, abin da ya fi faranta masa rai shi ne ka tuna da shi, ka ware lokaci, ka zo dominsa shi kaɗai. Ƙafa hanya ce ta isar da wannan. Idan an ɗaure ƙafar, tunawar da lokacin suna nan a hannunka. Wanda ya ce tunda ba zai iya zuwa ba to ya haƙura gaba ɗaya, ya yi kamar wanda ya ƙi shan ruwa don ba a kawo masa a ƙoƙon da ya saba ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta gane haɗarin tun da wuri. Ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, kuma a kwanakin farko kalmar da ke bakin kowa tana nufin nesanta da jama'a. Ranar 20 ga watan, Maria Van Kerkhove, ma'aikaciyar hukumar da ke jagorantar ɓangaren ƙwararru kan cutar a lokacin, ta bayyana cewa da gangan suka koma cewa tazarar jiki, domin suna so mutane su ci gaba da hulɗa da juna. Sai dai kalmar farko ta riga ta zauna. Mutane da yawa sun ji "ku nisanci juna" sun kuma aikata shi har a zuci.

Kuma kaɗaici ba ƙaramin ciwo ba ne. A 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta sun tattara bincike 148 da ya shafi mutane sama da 300,000, suka gano cewa masu dangantaka mai ƙarfi da jama'a sun fi marasa ita damar ci gaba da rayuwa da kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bibiye su. A watan Maris 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Mun tsare kanmu daga ƙwayar cuta, muka bar wata ƙofar a buɗe.

Ga wani abu da abokina ya manta. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici tun watan Janairun 2018, shekara biyu kafin duniya ta san sunan korona. Bangon ya riga ya tsage, kulle dai ya nuna mana girman tsagar ne.

"Ai muna zaure ɗaya, kullum muna gaisawa"

A nan ne na fi jin zafi, saboda wannan ce yaudarar da ta ci ni.

Saƙon da aka jefa wa mutum arba'in babu wanda aka aika wa shi. Idan na rubuta "fatan kowa yana lafiya", babu wanda zai amsa mini da "a'a, ni ba ni da lafiya". Tambayar ba ta ɗauke da sunan kowa, don haka amsar ma ba ta kan kowa. Mai ciwo yana jin nauyin ya tsaya gaban taro ya kai kuka. Mai lafiya kuma yana cewa ai in da wani abu da wani ya faɗa. Yawanmu ne ya sa kowa ya saki jiki, kowa yana zaton wani ya riga ya kira.

Sannan dubi abin da muka riƙa turawa. Yawancinsa ba mu muka rubuta ba. Wani ne ya turo mana, muka tura gaba, sau da yawa ko karantawa ba mu gama ba. Abin ya kai har ranar 7 ga Afrilun 2020 kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya riga ya yawata sosai, ya zama sai mutum ɗaya ko zaure ɗaya a lokaci guda, kuma bayan 'yan makonni ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. Kamfanin ya yi haka ne don rage jita-jita. Ni abin da alƙaluman suka nuna mini shi ne yawan hayaniyar da muke kira zumunci.

Ka yi tunanin tsohuwa ita kaɗai a ɗaki, dare ya yi, ba mai ce mata uffan, ta buɗe waya sai ga bidiyon gawarwaki daga wata ƙasa, ga wani magani da aka ce likitoci na ɓoyewa, ga saƙon murya na minti bakwai daga wanda ba ta sani ba yana cewa abin da ke tafe ya fi wannan muni. Jikanta ne ya turo, da kyakkyawar niyya. Ita kuma da wannan za ta kwana.

Ban ce a rushe zauruka ba. Suna da amfani wajen sanarwa, wajen haɗa taimako, wajen dariya ma. Da na sanar da halin Goggo, cikin awa biyu aka samu wanda ke da izinin fita ya ajiye mata magani a bakin ƙofa. Zaure ya iya wannan aikin. Abin da bai iya ba shi ne gano cewa akwai matsalar tun farko.

"To in na kira me zan ce masa?"

Wannan uzurin ya fi sauran gaskiya, kuma mutane ba su cika furta shi ba. An daɗe ba a gaisa ba, kana jin kunya, kana tsoron a ce sai yau ka tuna da mu. Kana tsoron a gama gaisuwa a yi shiru. Sai ka ce bari in rubuta masa saƙo kawai, ya fi sauƙi.

Wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Amit Kumar da Nicholas Epley, sun gwada wannan daidai. Sun sa mutane su nemi tsohon abokin da suka daɗe ba su ji daga gare shi ba, wasu ta rubutu wasu ta kira. Kafin a fara, yawancinsu sun ce sun fi son rubutu, don suna ganin kiran zai zo da jin nauyi. Bayan an yi, waɗanda suka kira sun fi jin kusanci da abokan nasu, kuma jin nauyin da ake tsoro bai fi na masu rubutu ba. Tsoron yana gaban kiran ne, da an ɗauka yake watsewa.

Dalilin a fili yake. "Lafiya lau" a rubuce iri ɗaya ce ko daga bakin wa ta fito. A murya kuwa tana da kala goma. Akwai wadda ke fitowa da ƙarfi, akwai wadda ake jan ta, akwai wadda ke zuwa bayan ɗan shiru. Goggo ta ce mini lafiya lau. Da a rubuce ta aiko, da na mayar mata da alamar addu'a na wuce.

Game da abin faɗa kuma, na koyi cewa babbar tambaya ba ta buɗe baki. "Ya ake ciki?" amsarta ɗaya ce. Ƙananan tambayoyi ne ke aiki. Kin yi barci jiya? Wa kika yi magana da shi yau? Maganin saura na kwana nawa? Me kike gani ta taga? Wannan ta ƙarshen ita ta buɗe mini Goggo. Ta shafe minti ashirin tana ba ni labarin wasu tsuntsaye biyu da ke gina sheƙa a jikin katangarta, yadda ɗaya ke kawo kara ɗaya ke zubarwa. Daga nan kullum sai na tambayi tsuntsayen, daga tsuntsaye a gangaro ƙafa, daga ƙafa a gangaro abin da ke damunta na gaskiya, wato tsoron ta mutu a ɗaki ba wanda ya sani.

Wannan tsoron ne ya sa na ce lokaci ya zama sananne. Muka ajiye Talata da Asabar, ƙarfe biyar na yamma. Kiran ba-zata yana faranta rai na minti goma. Wanda aka san ranarsa kuwa yana ba mutum abin jira, ya raba masa mako gida-gida a lokacin da kwanaki suka zama iri ɗaya, har mutum ya kasa tuna yau wace rana ce. Sannan yana nufin idan ba ta ɗauka ba, akwai wanda zai tashi hankalinsa a ranar, ba bayan kwana tara ba.

An gwada irin wannan a jihar Texas a tsakiyar 2020. Aka ɗauki mutum 240, yawancinsu tsofaffi da ba sa iya fita, aka raba su biyu. Rabi aka haɗa su da matasa 'yan shekara 17 zuwa 23, waɗanda ba likitoci ba ne, ɗan horo kawai aka ba su kan sauraro da yin tambaya. Kiran bai cika wuce minti goma ba, sau biyu zuwa biyar a mako, tsawon mako huɗu. Da aka auna, kaɗaici da damuwa da fargaba sun ragu a wurin waɗanda aka riƙa kira fiye da ɗaya rabin. Baƙi ne fa suka yi wannan, waɗanda ba su taɓa ganin fuskar mutanen ba. Ina ga ɗa ko jika?

"Gara bidiyo, a ga fuska"

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a watannin nan duniya ta ruga kiran bidiyo. Manhajar Zoom ta tashi daga masu shiga taro miliyan 10 a rana a watan Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a watan Afrilun 2020. Kaka ta ga jikan da aka haifa a kulle, ɗalibi ya ga malaminsa. Alheri ne babba.

Amma mun ga yadda ya ƙare. Bayan wata biyu mutane suka fara gudun sa. Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya yi bayanin dalilin gajiyar a 2021: fuskoki sun matso kusa suna kallonka ba ƙiftawa, kana ganin kanka kamar mai zama gaban madubi, an dasa ka wuri ɗaya ba motsi, kuma ƙwaƙwalwa na wahalar karanta alamun da a zahiri take ɗauka ba tare da ƙoƙari ba. Ƙara da taron mutum goma sha biyar inda biyu ke magana sauran na kallo, mai kunya ya fita bai ce komai ba.

Bidiyo yana neman ka gyara jiki, ka gyara ɗaki, ka sami intanet mai ƙarfi. Wanda ya kwana uku yana kuka ba zai kunna kyamara ba, amma zai iya ɗaukar kira. Kuma kada mu manta, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum biliyan 2.9 ba su taɓa amfani da intanet ba, fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya. Tsofaffi da marasa hali sun yi yawa a cikinsu, wato waɗanda kulle ya fi dannewa. Duk shawarar da ta fara da "ku sauke manhaja" ta riga ta tsallake su. Ƙaramar waya mai maɓalli ta isa kira.

Waɗanda ba mu da lambarsu

Akwai wani rashi da na daɗe ban gane sunansa ba. Mai gadin wurin aiki da kuke gaisawa kowace safiya. Matar da kuke haɗuwa a tasha. Abokin aikin da ba abokinka ba ne amma kullum sai ya tsokane ka. Ba ka da lambar ko ɗaya, ba za ka taɓa kiran su ba, amma su ne ke sa ka ji kana cikin mutane. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya yi rubutu tun 1973 kan ƙarfin irin wannan alaƙa mai rauni, yadda labari da dama ke zuwa ta hannun wanda ka sani sama-sama.

A nan na yarda da abokina ɗari bisa ɗari, kulle ya yanke wannan, kuma waya ba ta iya ɗinke shi. Shi ya sa mutanen Italiya suka riƙa fitowa barandar benayensu suna rera waƙa tare a watan Maris 2020, shi ya sa a Birtaniya aka riƙa tsayawa bakin ƙofa duk Alhamis ƙarfe takwas na dare ana tafa wa ma'aikatan lafiya. Godiya ce, amma har da son a ga maƙwabci yana nan da rai. Lokacin da gwamnatin Birtaniya ta nemi 'yan sa-kai 250,000, cikin 'yan kwanaki mutum 750,000 suka ba da sunansu, kuma ɗaya daga cikin ayyukan shi ne kiran waɗanda ke killace a gida don hira kawai.

Abin da ya rage wa mai zaman gida shi ne taga da katanga. Ɗaga hannu ga maƙwabci, tambaya daga nesa ko akwai abin da ya ƙare masa, takarda da lambarka a ƙarƙashin ƙofar dattijon da ke zaune shi kaɗai. Ba ya cike gurbin, amma da babu gara ba daɗi.

"Ni ma a gajiye nake"

Wannan ba zan yi gardama da shi sosai ba. Uwar da aka rufe da yara huɗu, makaranta a rufe, aiki ya biyo ta gida, ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar nauyin wani. Wanda sana'arsa ta tsaya, yana lissafin abin da za a ci gobe, ba za ka ce masa ya zauna yana kiran dangi ba. Ba kuma kowane mai shiru ne ke cikin kaɗaici ba, akwai wanda hutun hayaniya ya yi masa daɗi, a bar shi.

Abin da zan ce kawai, cikar gida ba ta hana kaɗaici. Uwar nan da ba ta da minti ɗaya nata, wataƙila ta fi kowa buƙatar wani babba ya kira ya tambaye ta ita ya take, ba yara ba. Idan kai ne mai sauran ƙarfi, nauyin a kanka yake, kada ka tsaya lissafin wa ya kira wa na ƙarshe. Idan kuma kai ne a gajiye, mutum ɗaya ya isa. Ban ce arba'in ba.

Inda laifin ba namu ba ne

Kada a ɗauka na wanke masu mulki. An rubuta dokokin kulle na farko kamar kowa yana da iyali a gida. "Ku zauna da mutanen gidanku" magana ce mai sauƙi ga mai mata da yara, ga wanda ke zaune shi kaɗai kuwa hukunci ne. A Ingila an rufe ƙasa ranar 23 ga Maris 2020, amma sai 13 ga Yuni aka yarda mai zaman kaɗaici ya haɗu da gida ɗaya su zama kamar iyali guda. Kusan mako goma sha biyu mutum bai taɓa hannun kowa ba. Da Beljiyam ta sake rufewa a ƙarshen shekarar, ta bar wa kowa mutum ɗaya da zai iya kusanta, mai zama shi kaɗai kuma mutum biyu. Japan ta naɗa nata ministan kaɗaici a watan Fabrairun 2021, bayan adadin masu kashe kansu ya tashi a 2020 karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya.

An koyi darasin, amma a makare. Idan wata annobar ta zo, kuma masana ba su daina gargaɗin za ta zo ba, ya kamata a rubuta wannan sassaucin a cikin dokar tun ranar farko. Ya kamata a ɗauki layin waya da katin kira ga tsofaffi da marasa hali a matsayin kayan agaji, a kuma tanadi masu kira kamar yadda ake tanadar masu raba magani. Gidajen kula da tsofaffi da asibitoci su san tun kafin lokaci yadda mara lafiya zai ji muryar nasa.

Amma ko da gwamnati ta yi duk wannan, ba ita za ta san Goggo ta daina magana a zaure ba. Mu ne muke da lambarta.

Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Ƙofofi sun daɗe a buɗe. Shi ya sa da na sake haɗuwa da abokin nan na tambaye shi, cikin waɗanda yake cewa kulle ya raba su, wa ya kira a lokacin, kuma wa ya kira daga baya. Ya yi shiru, sannan ya ambaci wani ɗan ajinsu da suka yi shekara goma suna zama benci ɗaya. Ya ce yana ganin hotunansa a Facebook, yana danna masa alamar so. Na ce lambarsa fa? Ya duba, tana nan. Bai kira a gabana ba, ban kuma matsa masa ba, amma na ga bai mayar da wayar aljihu ba har muka rabu.

Ni da Goggo ba mu fasa Talata da Asabar ba, ko da yake yanzu ina zuwa da ƙafata in na samu hali. Asabar ɗin da ta wuce wani aiki ya riƙe ni, biyar ta gota da kwata ban kira ba. Sai ga wayata tana ƙara.

"Ɗan nan, lafiya kuwa? Na ji shiru."